Baƙon Da Ya Tare a Ofishin 'Yan Sanda

Wanda ke son gane yadda wasannin binciken laifi na talabijin suka sauya, ba sai ya zauna har ƙarshen shiri ba. Minti biyar na farko sun ishe shi. A shirin Sherlock Holmes da gidan talabijin na Granada ya yi a Ingila tsakanin 1984 da 1994, wanda Jeremy Brett ya fito a ciki, sau da yawa labari yakan soma ne daga bakin ƙofa. Keken doki ya tsaya a titin Baker, mai gidan haya ta buɗe, a ji takun mutum yana hawa bene. Sai ga malamar koyar da yara da aka yi wa tayin albashin da yawansa ya ba ta tsoro, ko mai kantin jingina da aka raina wa hankali, ko saurayin da 'yan sanda ke biye da shi. Ya zauna, ya share gumi, ya ce ga abin da ya same ni. Mai matsala ne ya kawo kansa, kuma shi Holmes zai yi wa aiki.

Shirye-shiryen da suka cika akwatunanmu bayan shekara ta 2000 kuwa da gawa suke buɗewa. An zagaye wurin da igiyar leda ruwan ɗorawa, fitilun motocin sintiri suna walƙiya, masu ɗaukar hoto suna ta aiki. Can sai ga wani ya iso a makare, ba kaki, ba bindiga, kofin shayi a hannu, kati rataye a wuya. Kurtun da ke gadi ya tare shi, sufeto ta ɗago kai ta ce a bar shi, namu ne. Wannan shi ne jikan Holmes, gwanin da hukuma ke gayyata idan lamari ya cije. Sai dai yanzu ba ya komawa gida. Yana da tebur a ofis, wani ma har da doguwar kujerar da yake kishingiɗa. Na daɗe ina bin irin waɗannan shirye-shirye, tun zamanin kaset ɗin haya, kuma wannan ƙaura daga ɗakinsa zuwa ofishin hukuma ita ce sauyin da ya fi tsaya mini a rai.

Lokacin da Arthur Conan Doyle ya fito da Holmes a 1887, mutanen Landan ba su ɗauki 'yan sandan cikinsu a bakin komai ba. Shekara goma kafin nan, a 1877, an gurfanar da manyan jami'an bincike na Scotland Yard bisa karɓar na goro daga 'yan damfarar cacar sukuwa, aka ɗaure uku daga cikinsu. Wannan abin kunya ne ya sa aka rushe sashen aka kafa sabo a 1878. Shekara guda bayan fitowar Holmes sai ga kashe-kashen mata a unguwar Whitechapel, waɗanda har yau ba a kama wanda ya yi su ba. A irin wannan gari, labarin mutumin da ya fi hukuma ido, wanda kuma ba ya cin albashinta, ba zai rasa masu saye ba. Gaskiya ne sufeto Lestrade da takwarorinsa suna neman shawarar Holmes tun daga littafin farko. Amma su ma hawa benen suke yi kamar kowa, su cire hula, su jira a saurare su. Idan ya ga dama ya taimaka, idan lamarin bai burge shi ba ya koma kan gogensa.

Doyle likita ne, kuma bai ɓoye inda ya samo mutumin nasa ba. Malaminsa a makarantar likitanci ta Edinburgh, Joseph Bell, yakan dubi majinyaci kafin ya buɗe baki ya faɗi sana'arsa da inda ya fito, daga kantar hannunsa, da laka a takalminsa, da yadda yake tsayuwa. Bayan haka sai ya juya ga ɗalibai ya warware musu yadda ya yi, domin su ma su koya. Haka Holmes yake. Yakan ba abokinsa Watson mamaki, sannan ya zauna ya jera masa matakan ɗaya bayan ɗaya har Watson ya ga ashe abin ba wuya. Ya taɓa tambayarsa yawan matattakalar benen da yake hawa kullum, Watson ya kasa, alhali goma sha bakwai ne. An ce ya rubuta ɗan littafi kan tokar taba iri 140. Wato abin nasa karatu ne da naci, sana'a ce da wani ma zai iya koya in ya dage.

Akwai labari guda da nake ganin ya tattara asalin wannan mutum, wanda Doyle ya buga a 1903, Granada kuma ta yi wasansa a 1985. Wani matashin lauya, McFarlane, ya faɗo ɗakin Holmes yana haki. Ana tuhumarsa da kashe wani magini, Jonas Oldacre, wanda ya sa shi rubuta wasiyyar da ta bar masa dukiyarsa duka, a daren kuma aka ga jini a ɗakin maginin, rumbun katakonsa ya kama da wuta, shi kuma ya ɓace. Kafin yaron ya gama bayani Lestrade ya shigo da 'yan sanda ya kama shi a gaban Holmes. Duk hujja tana kansa, har sandarsa an samu a wurin. Ana cikin haka sai Lestrade ya aiko da saƙo cikin fara'a cewa an sami abin da ya rufe magana, zanen babban yatsan McFarlane da jini a jikin bango. A wasan Brett, nan ne za ka ga fuskarsa ta sake. Ya matsa kusa da bangon, ya dube shi, yana danne dariya. Jiya ya duba wannan bango da kansa, babu komai a jikinsa, kuma McFarlane ya kwana a tsare. Wani ne ya manna zanen cikin dare, daga kakin hatimin da yaron ya taɓa dannawa da yatsa. Sai Holmes ya auna tsawon barandar saman bene, ya ga ta gaza ta ƙasa. Ya sa aka kawo ciyawa aka cinna mata wuta, 'yan sanda suka haɗa murya suna ihun gobara, sai ga ƙofa ta buɗe a inda ake zaton bango ne, marigayi Oldacre ya fito a guje da ransa.

Abin lura a nan shi ne gefen da gwanin ya tsaya. Hukuma ta gama shirin rataye yaro, ga hujjar kimiyya a hannunta, shi kuma ya zo ne ya kwance abin da ta ɗaura. Doyle da kansa ya yi irin wannan aiki a zahiri. George Edalji lauya ne, ɗan wani limamin coci ɗan asalin Indiya, wanda aka yanke wa shekara bakwai a 1903 bisa zargin yana fita da dare yana farke cikin dabbobi a wani ƙauyen Staffordshire. Da suka shirya haɗuwa a wani otal, Doyle ya hango shi yana karanta jarida ya kai ta dab da idonsa. Doyle ya karanci ciwon ido, nan take ya ce mutum mai irin wannan gani ba zai iya ratsa gonaki cikin duhu ya yi wannan aika-aika ba. Ya cika jaridu da rubutu har aka yi wa Edalji afuwa a 1907, kuma hayaniyar lamarin na cikin abin da ya sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta manyan laifuka a Ingila a wannan shekarar.

Talabijin ta riƙe wannan gado na tsawon lokaci. A Amurka, Perry Mason, daga 1957 zuwa 1966, lauyan wanda ake tuhuma ne, kuma kusan kowane mako mai gabatar da ƙara na gwamnati ne ke kwasar kunya. Jim Rockford na shekarun 1970 tsohon fursuna ne da aka ɗaure bisa kuskure, yana zaune a tirela a bakin teku, yana karɓar dala 200 a rana ban da kuɗin zirga-zirga, 'yan sanda kuma ba sa son ganinsa. Jessica Fletcher ta Murder, She Wrote, wadda Angela Lansbury ta yi daga 1984 zuwa 1996, sau tari takan sa baki ne domin an kama ɗan ɗan'uwanta ko wata ƙawarta. Hercule Poirot na David Suchet, wanda ITV ta Ingila ta nuna daga 1989 har 2013, yana da ofishinsa da sakatariyarsa, sufeto Japp aboki ne kawai da ake yi wa barkwanci. A gefe guda kuma akwai wani layin daban, na shirye-shiryen 'yan sanda zalla, wanda Dragnet ya buɗe a 1951 da haɗin gwiwar rundunar 'yan sandan Los Angeles. Kowane layi da hanyarsa. Columbo ne kaɗai na san ya ci riba biyu, domin ɗan sanda ne da ke aiki kamar ba shi da ofis, da tsohon kwat ɗinsa na ruwa da akwalar motarsa, yana bin attajirai yana damun su da tambayar da ya ce ya manta bai yi ba. Shi daban ne, kuma har yanzu ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba.

Sai CSI ya zo a 2000 ya juya kasuwa. Ɗakin gwaje-gwaje ya zama fagen wasa, gashi guda ko ɗigon jini ya zama jarumi, kamfanoni suka ga cewa shirin hukuma ne ke kawo kuɗi. Amma kallon mutane cikin farar riga suna leƙa na'ura yana gundura, mai kallo yana son wani mai baki da rigima. Daga nan aka ɗauko gwanin nan na titin Baker aka dasa shi a tsakiyar rundunar. Cikin shekara goma aka yi ta zubo su. Monk a 2002, tsohon jami'in da tsoron ƙazanta ya hana sakat. Numb3rs a 2005, malamin lissafi da ke taimakon wansa na FBI. Bones a wannan shekarar, masaniyar ƙasusuwa. Psych a 2006, The Mentalist a 2008, sannan 2009 ta kawo marubucin littattafai a Castle, da mai karanta fuska a Lie to Me, da ɗan damfara a White Collar. Holmes da kansa ya dawo sau biyu, a Sherlock na BBC a 2010 da Elementary na CBS a 2012. Daga baya har Iblis aka ba katin shiga ofishin 'yan sandan Los Angeles a Lucifer. Faransawa kuma a 2021 suka kawo mai sharar ofis da ta fi sufetoci kwanya, Amurkawa suka kwafa a 2024.

Mu nan a daidai shekarun da aka fara zubo waɗannan shirye-shirye ne kallo ya sauya mana hannu. Kwanon tauraron ɗan'adam ya hau rufin gidaje, tashoshin Larabawa irin su MBC Action suna nuna waɗannan shirye-shirye da fassarar Larabci a ƙasa. Faifai guda ya zo ɗauke da zango sukutum, hoton a dushe, amma wa ya damu. Bayan haka shagunan tura finafinai a waya suka karɓe. Yaro da bai taɓa jin sunan Conan Doyle ba ya san Patrick Jane na The Mentalist kamar ɗan unguwarsu, kuma a wurinsa gwanin bincike dama can ma'aikacin hukuma ne.

Dalilin wannan ƙaura, a fahimtata, na sana'a ne kafin komai. Manyan tashoshin Amurka suna bukatar kashi ashirin da wani abu a kowace shekara, kowanne ɗan sama da minti arba'in idan an cire talla. Doyle ya yi shekara arba'in yana rubuta Holmes, abin da ya tara labari sittin ne, dogaye huɗu da gajeru 56, kuma da yawa a cikinsu ba a kashe kowa ba: wani hoto ake nema, wani dutse mai daraja ne a cikin dinyar Kirsimeti, wani ma asirin iyali ne da ba laifi a ciki. Elementary kuwa cikin shekara bakwai ya yi kashi 154. Ina mutum mai zaman kansa zai samo gawa duk mako? Ba mai hawa bene da irin wannan yawa. Ofishin 'yan sanda ne kaɗai wurin da waya za ta buga kullum a ce an yi kisa, ba tare da mai kallo ya ce an cika ƙarya ba. Ga shi kuma yana zuwa da kayan aikinsa, likitan gawa da ɗakin tambayoyi da ankwa. Idan aka haɗa gwanin da sufeto mace, an kuma sami soyayyar da za a ja shekara shida ana jan rai.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi. A 1961 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa hujjar da 'yan sanda suka samo ta haramtaccen bincike ba ta shiga kotun jiha, a 1966 kuma ta wajabta a gaya wa wanda aka kama cewa yana da damar yin shiru da neman lauya. Tun daga lokacin marubutan wasa suke fama da wannan takunkumi, domin bin ƙa'ida ba ya daɗin kallo. Da can sukan kawo ɗan sanda mai taurin kai da ke take doka, amma shi dole wata rana a karɓe masa bindiga. Gwanin gayya ya raba gardama. Ba shi da lambar da za a ƙwace. Shi ne zai buɗe ƙofar mutane da waya, ya leƙa aljihun tebur, ya ɗauke wayar hannu ya karanta saƙonni, sufeto tana waje ta juya baya. Kamar dai babba ne ya tura yaro ya tsinko mangwaron maƙwabci, in an sha tare a sha, in an kama shi a ce ai yarinta ce.

Kashin farko na The Mentalist ya nuna wannan ƙarara. An tsinci gawar wata yarinya, 'yan sanda sun kama yaron maƙwabta, uban yana waje yana yi wa 'yan jarida jawabi. Patrick Jane, wanda Simon Baker ya fito a matsayinsa, ya sulale cikin gidan ba wanda ya ce ya shiga. Ya wuce kicin, ya ɗora ruwan shayi, ya haɗa wa kansa burodi. Uwar ta shigo ta same shi, ya ba ta shayi, ya yi ta faɗa mata abubuwan da ke ranta har ta saki jiki. Daga nan ya kai ta ga abin da take zargi a zuci ba ta furta ba, cewa mijinta ne. Mijin ya shigo, Jane ya tambaye shi ido da ido, matar ta karanci amsar a fuskarsa, ta fita ta ɗauko bindiga ta harbe shi. Abin da ya sami Jane dakatarwa ce ta ɗan lokaci, kafin a gama kashin ya dawo aiki. An tsara wurin da gwaninta, na yarda, kuma ni ma na sake mayar da shi baya na kalla. Amma a lissafa abin da ya faru: ba takardar izinin shiga, ba lauya, ba alƙali, an yanke hukunci an zartar a cikin kicin, kuma an shirya mu mu tafa domin daga baya an nuna cewa ya canka daidai.

Mai gardama zai ce ai Holmes ma ya fasa gidan mutane. Haka ne, ya shiga gidan wani mai cin amanar asirin mutane da dare ya buɗe masa akwatin ƙarfe, ya kuma sha sakin mai laifi don ya ga bai cancanci ɗauri ba. Amma da wuyansa ya yi caca. Da an kama shi, kurkuku zai tafi, shi da Watson. Jikokinsa na talabijin suna yin abin da ya fi wannan da motar hukuma a bakin ƙofa tana jiran su. A dokar Amurka ta gaske, wanda ke aiki da yawun 'yan sanda ana ɗaukarsa a matsayin hannunsu, duk abin da ya kwaso ta bayan fage lauya zai sa a zubar. Shi ya sa waɗannan shirye-shirye ba sa kai mu kotu. A minti na arba'in mai laifi yakan fashe da kuka ya amsa da bakinsa, a sa masa ankwa, a tashi. Elementary ya taɓa yin kashi guda da aka zaunar da Holmes gaban kwamiti kan irin wannan ɗabi'a, bayan an harbi wani jami'i ta sanadinsa. An yi masa faɗa mai kyau, mako na gaba aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Shi kansa gwanin an sauya masa ciki. Abin da yake karatu da naci a wurin Bell da Holmes ya koma baiwa, baiwar kuma kusan kullum da ciwo take tafe. Monk an kashe masa mata da bam a mota, yana yawo da takardar goge hannu, babban burinsa a duniya a mayar masa da kakinsa. A tuna cewa Holmes na Doyle sarautar girmamawa ta Ingila aka yi masa tayi ya ƙi. Jane an kashe masa mata da 'ya. Holmes na Elementary daga gidan gyaran 'yan ƙwaya ya fito. Na BBC kuwa, wanda Benedict Cumberbatch ya yi, rubutu ne ke tashi a fuskar allo yana shawagi, shi yana zuba magana da gudun da ba mai iya bi. Shirin yana da kyau, musamman zango biyun farko, kuma dabarar mayar da Watson sojan da ya dawo daga Afghanistan, kamar yadda yake a littafin 1887, ta burge ni ƙwarai. Amma ba a gayyace ka ka yi tunani tare da shi ba. An ajiye ka ne ka buɗe baki. A labaran da, ana shimfiɗa maka hujjoji a gabanka, in ka rasa amsar laifinka ne. Yanzu gwani yana duban mutum sau ɗaya ya ce ƙarya yake yi, dalilinsa kuwa gira ce ta motsa.

A nan ne abin yake taɓa mu. A garuruwanmu mun san wanda ake zuwa wurinsa idan sarƙar gwal ta ɓace a ɗaki, ya buga ƙasa ya ce ɓarawon gajere ne, baƙi, kuma yana cin abinci a gidan. Mun kuma san a kan wa wannan siffa take faɗawa, 'yar aiki ko almajirin gida. Jane yana ta nanata cewa duba ƙarya ce, shi ma da ita ya ci abinci kafin ya tuba, kuma Psych gaba ɗayansa barkwanci ne kan mai duba na bogi. Duk da haka abin da mai kallo ke ɗauka ya tafi da shi bai bambanta sosai ba: akwai mutanen da ke ganin laifi a fuska, kuma idan sun nuna ka, to kai ne. Gwanin talabijin ba ya kuskure domin wanda ya rubuta masa magana ya riga ya san mai kisan.

A zahiri 'yan sanda suna neman masana, kuma Ingila ta ga yadda abin yake ta fuska biyu cikin shekara goma. A 1984 Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ya gano yadda ake bambance mutum da mutum ta ƙwayoyin halitta na DNA. A ƙauyukan da ke kusa da shi an kashe 'yan mata biyu masu shekara 15, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. 'Yan sanda suka kama wani yaro ɗan shekara 17 da ya amsa kisa na biyu, suka kawo wa Jeffreys samfuri domin ya tabbatar musu cewa shi ya yi na farkon ma. Sakamakon ya ce mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, amma ba wannan yaron ba ne. Haka aka sake shi, da amsa laifinsa da komai. Sai da aka ɗebi jinin maza kusan dubu biyar, mai laifin ma ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, asirin bai tonu ba sai da aka ji abokin yana ba da labari a mashaya. An kama Colin Pitchfork, ma'aikacin gidan burodi, a 1987, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1988. Wannan aiki ya ci watanni, masanin kuma bai taka ɗakin tambayoyi ba.

Ɗaya fuskar ita ce ta Rachel Nickell, wadda aka kashe a filin shaƙatawa na Wimbledon a Landan a watan Yulin 1992, a gaban ɗanta mai shekara biyu. Da bincike ya cije, 'yan sanda suka nemi wani masanin halayyar ɗan'adam ya siffanta musu irin mutumin da zai yi wannan. Siffar ta yi kama da wani gwauro da ke yawo da karensa a filin. Aka shirya masa tarko, wata 'yar sanda ta ɓad da kama ta yi watanni tana rubuta masa wasiƙu tana nuna sha'awarsa, tana jan sa ya amsa kisan. Bai amsa ba, amma aka tuhume shi a 1993, shekarar da ITV ta fara nuna Cracker, shirin da Robbie Coltrane ke fitowa a matsayin masanin halayya mai fasa zuciyar masu kisa a ɗakin tambayoyi. A 1994 alƙali ya yi watsi da hujjar tarkon da kakkausar murya, aka saki mutumin bayan ya shafe wata goma sha uku a tsare, jaridu kuma suka ci gaba da nuna shi da yatsa shekara da shekaru. Wanda ya yi kisan, Robert Napper, yana waje duk tsawon lokacin da ake shirya tarkon, kuma a watan Nuwamban 1993 ya kashe wata mata da ƙaramar 'yarta a gidansu. Gwajin DNA ne ya kai gare shi daga baya, ya amsa kisan Nickell a kotu a 2008. A wannan shekarar ce gwamnati ta biya mutumin da aka ɗora wa laifin diyyar fam dubu 706.